Ba a sayen gona da amfanin damina ɗaya: darasin Katagum ga ma'aikacin da ke son hannun jari

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya doshi shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, akwai ranar da yake ƙirgawa a zuci: ranar da kamfanin da ke riƙe da fanshonsa zai sakar masa dunƙulen kuɗin farko. Ga ɗan ƙasar Katagum da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, wannan kuɗi shi ne guzurin komawa Azare ko Shira ko Gamawa. Da shi zai rufa ginin da ya daɗe yana lallaɓawa, da shi zai aurar da 'ya, abin da ya rage kuma shi ne zai riƙe shi har ƙarshen rayuwa. Sai dai kafin kuɗin ya shigo, masu ba da shawara sun riga sun yi layi. Wannan ya turo masa labarin bankin da ya ci ribar da ta haye naira tiriliyan ɗaya, wancan ya nuna masa yadda ake sayen hannun jari ta wayar hannu cikin minti biyar, kowa kuma yana ce masa ya yi sauri kafin kasuwa ta wuce shi.

Sayen hannun jari ba laifi ba ne, kuma a ƙasar da hauhawar farashi ke cin ajiyar banki kamar gara, mallakar wani yanki na kamfani mai sana'ar gaske na iya zama garkuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne mudun da ake auna kamfanin da shi. Yawancin masu saye ribar bara kawai suke kallo, kuma a nairar yau suke ƙirga ta. Waɗannan kurakurai biyu ne da manomin ƙasar Katagum ba ya yi idan zai sayi gona, kuma akwai ma'aunin da ke gyara su duka biyun.

Yadda ake taya gona

Idan aka kai wa dattijo tallan gona a gefen Azare ko a fadamun kogin Jama'are, ba ya tsayawa kan abin da mai gonar ya faɗa masa game da bara. Zai bi maƙwabtan gonar ya tambaya: dami nawa na gero take bayarwa a shekarar da damina ta yi kyau, nawa a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, sau nawa ambaliya ta shafe ta tun da suka san ta. Mutanen yankin ba su manta da daminar 2024 ba, lokacin da ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Gonar da ta ba da buhu 40 a shekarar albarka, ta ba da biyar a shekarar ambaliya, ba gonar buhu 40 ba ce, ba kuma gonar buhu biyar ba ce. Kimarta tana tsakani, kuma sai an tara shekaru an raba kafin a same ta.

Abu na biyu da dattijon ke yi ya fi na farko dabara, ko da yake shi bai ɗauke shi dabara ba. Da dami da buhu yake lissafi, ba da naira ba. Idan mai gona ya ce masa bara ta kawo kuɗin da ya ninka na shekara goma da suka wuce sau uku, murmushi kawai zai yi, domin ya san kuɗin buhun gero ya ninka fiye da haka a wannan tsakani. Gonar da kuɗinta ya ƙaru amma buhunanta suka ragu, gona ce da ta gaji.

Haka ma a kara. Ba mai hankalin da zai ɗauki farashin rago na jajibirin babbar sallah ya ce shi ne kuɗin rago a duk shekara.

Daga gona zuwa kasuwar hannayen jari

Ma'aunin da aka fi sani a kasuwar hannayen jari mai sauƙi ne. A ɗauki farashin hannun jari ɗaya, a raba shi da ribar da kamfanin ya ci a kan kowane hannu a shekarar da ta gabata. Idan hannu ɗaya naira 50 ne, ribarsa kuma naira 10, amsar ita ce biyar: wato idan riba ta tsaya haka, shekara biyar za ta mayar da uwar kuɗi. Ƙaramar lamba na nuna araha, babba na nuna tsada. Rauninsa yana cikin kalmar "idan". Riba ba ta tsayawa wuri ɗaya, kamar yadda damina ba ta tsayawa.

Tun a 1934, bayan rugujewar kasuwar Amurka ta 1929, wasu malaman Jami'ar Kolombiya biyu, Benjamin Graham da David Dodd, suka ba da shawarar a daina dogara da ribar shekara ɗaya, a riƙa ɗaukar matsakaicin ribar shekara biyar ko bakwai ko goma. A 1988 masana tattalin arziki John Campbell da Robert Shiller suka nuna da alƙaluman tarihi cewa matsakaicin riba na dogon zango, wanda aka cire wa tasirin hauhawar farashi, yana haska abin da mai saye zai samu a shekaru masu zuwa. Daga nan ma'aunin da ake taƙaita sunansa da CAPE ya samo asali, wasu kuma suna kiransa ma'aunin Shiller. Matakansa uku ne. A tattaro ribar kowane hannu ta shekara goma a jere, har da shekarun asara. A mayar da kowace zuwa darajar kuɗin yau ta amfani da jadawalin farashin kayayyaki. Sannan a tara, a raba gida goma, a raba farashin hannun jari na yau da abin da ya fito.

A kasuwar Amurka, inda alƙaluman suka koma har ƙarni na 19, matsakaicin wannan ma'auni na tsawon tarihi yana wajen 16 zuwa 17. Ya haye 30 a 1929, gab da rugujewa. Ya kai kusan 44 a ƙarshen 1999, lokacin haukan kamfanonin intanet, kuma a 2000 kasuwar ta fara zubewa. Shiller yana cikin waɗanda aka ba lambar Nobel ta tattalin arziki a 2013.

Abin da lissafin ke tonawa a Najeriya

A Amurka gyaran hauhawar farashi ƙaramin gyara ne, domin farashi na tashi a hankali. A Najeriya shi ne rabin aikin. Bisa jadawalin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, farashin kayayyaki ya ninka fiye da sau biyar tsakanin ƙarshen 2014 da ƙarshen 2024, kuma a Disamban 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'aikaci ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, amma uwargida ta san cefanen da kowanne ya iya yi a zamaninsa.

Alal misali, a ƙaddara wani kamfani ya ci naira uku a kan kowane hannu a 2015, ya ci naira goma a 2024. Rahotonsa na shekara zai yi shelar cewa riba ta ninka fiye da sau uku. Amma naira uku ta ƙarshen 2015 ta kai kimanin naira 14 a kuɗin ƙarshen 2024. Kamfanin ramewa ya yi, riga ce kawai ta ƙara faɗi.

A ƙaddara kuma wani kamfanin da ya shekara tara yana cin abin da ya yi daidai da naira huɗu a kuɗin yau, sai a shekara ta goma wata sa'a ta faɗo masa ya ci naira 24. Ana sayar da hannunsa naira 120. Mai kallon bara kaɗai zai raba 120 da 24 ya sami biyar, ya ce ga banza ta faɗi. Mai lissafin shekara goma zai tara 36 da 24 ya sami 60, ya raba goma ya sami shida, ya raba 120 da shida ya sami 20. Hannun jarin da aka ɗauka zai mayar da kuɗinsa a shekara biyar, ashe na shekara 20 ne idan kamfanin ya koma halinsa na da.

Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Kamfanin da ya shekara takwas yana cin naira 15, sannan ya tafka asarar naira 10 da ta naira 20 a shekara biyu a jere, matsakaicinsa naira tara ne. Idan tsoro ya sa aka karya farashinsa zuwa naira 90, ma'auninsa goma ne. Mai kallon bara ba zai ga komai ba sai asara, ya sayar a lokacin da ya fi dacewa ya riƙe.

Waɗannan misalai ba tatsuniya ba ce, domin irinsu sun faru a gaban idon kowa. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Bankunan da ke riƙe da kadarori na dala suka wayi gari da riba mai yawa a takarda. Zenith da GTCO kowannensu ya bayyana ribar da ta haye naira tiriliyan ɗaya a 2024. Shi kansa Babban Bankin ya san wani kaso na ribar bankuna ba na kullum ba ne, shi ya sa a Satumban 2023 ya hana su raba ribar sauyin darajar kuɗin waje ga masu hannun jari, daga baya kuma gwamnati ta ɗora wa irin wannan riba haraji na musamman. A daidai lokacin, kamfanonin da ke da bashin dala suka sha kashi. MTN Najeriya, wanda dubban ƙananan masu saye suka shiga a Disamban 2021 kan naira 169 kowane hannu, ya yi asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024, alhali mutane ba su daina kira da sayen data ba. A 2025 ya koma cin riba. Girgiza ɗaya ce ta kumbura ribar wasu, ta kuma binne ta wasu. Ribar shekara ɗaya ta yaudari mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Tabon 2008

Mutanen Jihar Bauchi suna da dalili na musamman na tuna wannan darasi. Bankin Inland, wanda aka kafa a Bauchi kuma Isa Yuguda ya taɓa shugabanta kafin ya zama gwamna, yana cikin bankunan da suka narke a garambawul ɗin Charles Soludo na 2004 zuwa 2005, lokacin da aka wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Ya haɗu da First Atlantic da IMB da NUB suka zama First Inland, wanda daga baya ya koma FinBank. A shekarun da suka biyo baya bankuna suka yi ta tallan sababbin hannaye, fom yana yawo a rassa da ofisoshi, wasu ma har bashi ake ba su don su saya. Guguwar ba ta tsaya a Legas da Abuja ba, ta ratsa garuruwan Arewa, ta ɗebi malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan fansho.

A ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ya kai maki 66,371. Shekara ɗaya bayan haka ya gangaro zuwa wajen 20,000. A ranar 14 ga Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, cikinsu har da FinBank, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A 2011 aka karɓe Afribank da Spring da Bank PHB, masu hannayensu suka tashi a tutar babu. A 2012 FCMB ya haɗiye FinBank.

Da wani ya nemi ribar shekara goma ta First Inland a farkon 2008, da bai samu ba, domin bankin a wannan siffa bai wuce shekara biyu ba. Rashin amsar shi kansa amsa ce. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kamfanin da bai ga damina da fari ba, farashinsa fata ne kawai, kuma bai kamata guzurin tsufa ya dogara da fata ba.

Akwai kuma wani lissafin da ba a cika yi ba. A Janairun 2024 ma'aunin kasuwar ya haye maki 100,000 a karon farko, aka yi ta murna. Amma ko daga Nuwamban 2009 aka fara ƙirgawa, farashin kayayyaki ya ninka fiye da sau shida kafin ƙarshen 2023. Kafin a ce an koma ƙarfin saye na Maris 2008, sai ma'aunin ya haye maki 400,000, idan aka ajiye rabon riba gefe. Wanda ya saya a ƙololuwar 2008 bai warke ba a ranar da ake shagalin.

Inda ma'aunin ya gaza

Adalci ne a faɗi iyakarsa. Na farko, ba ya faɗin ranar da kasuwa za ta juya. Campbell da Shiller sun gabatar wa Babban Bankin Amurka gargaɗinsu a Disamban 1996, amma kasuwar ta ci gaba da hawa fiye da shekara uku. Ma'aunin yana magana ne kan abin da za a iya sa rai a shekara goma, ba a wata mai zuwa ba.

Na biyu, asalinsa an gina shi ne don auna kasuwa baki ɗaya. Kamfani guda na iya sauya kama. Wanda ya gina sabuwar masana'anta bara, matsakaicin baya zai rage masa daraja, wanda kuma sana'arsa ke mutuwa, matsakaicin zai yi masa kwalliya. Bankuna ma na cikin irin wannan sauyi tun da Babban Banki ya ɗaga jarinsu a Maris 2024 zuwa naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, da wa'adin 31 ga Maris 2026. Sababbin hannaye na nufin ƙarin bakuna a kan tuwo ɗaya, don haka dole a gyara tsohuwar ribar kowane hannu kafin a kwatanta.

Na uku, wasu manyan kamfanoni ba su daɗe a kasuwar ba. Jaiz, wanda masu guje wa kuɗin ruwa ke karkata gare shi, ya shiga a 2017, MTN a 2019. Na huɗu, ma'aunin bai fi littafin da aka ciro shi gaskiya ba. Abin da ya faru a Cadbury Najeriya a 2006, inda aka gano an kumbura alƙaluman kamfanin na wasu shekaru, ya isa izina.

Duk da haka, gazawar mudu ba hujjar saye da ka ba ce. Abin da ma'aunin ke yi shi ne tilasta wa mai saye ya yi tambayar da dillali ba ya so: me ya sa bara ta bambanta da sauran shekaru, kuma wa ya ce bambancin zai dawwama?

Ba kuma ana nufin takardun gwamnati su ne tudun mun tsira ba. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 kan ladar kashi 16.47 cikin ɗari, ya buɗe jerin da ya taimaka wajen gina hanyoyi, cikinsu har da sassan Shuwarin zuwa Azare da Azare zuwa Potiskum. Amma a shekarar da farashi ya tashi da fiye da kashi 30, kashi 16 raguwa ce. Buhu ake ƙirgawa a nan ma.

Aikin da ke gaban masu riƙe da fayil

Ƙasar Katagum ta ba aikin gwamnatin tarayya manyan mutane. Sule Katagum ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya, Aminu Saleh ya riƙe Ma'aikatar Kuɗi ya kuma zama Sakataren Gwamnatin Tarayya, Mahmud Yayale Ahmed ne Shugaban Ma'aikata lokacin da aka yi dokar fansho ta 2004. Wannan doka, da gyaranta na 2014 da ya sa ma'aikaci ke zuba kashi takwas, gwamnati kashi goma, ta mayar da kowane ma'aikaci mai hannun jari ko ya sani ko bai sani ba, domin kamfanonin fansho na saka wani ɓangare na kuɗin a kasuwar, musamman a Asusu na Ɗaya da na Biyu. Saboda haka batun ya shafi har wanda bai taɓa cika fom ɗin saye ba.

Abubuwa uku ne masu sauƙi da daraktoci da hadiman ministoci da na 'yan majalisa za su iya sakawa cikin takardun da suke rubutawa. Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta wajabta wa duk kamfanin da ke tallan sababbin hannaye ya buga, a shafin farko, ribar kowane hannu ta shekara goma, ko ta iya shekarun da ya yi, a darajar nairar yau. Hukumar Ƙididdiga, wadda ta sabunta jadawalin farashi a farkon 2025, ta fitar da jeri ɗaya mai sauƙin karantawa da ya haɗa tsohon lissafi da sabo, yadda malamin makaranta a Azare zai iya mayar da nairar 2015 zuwa ta yau a wayarsa. Hukumar Fansho kuma ta sa kamfanoni su nuna wa ma'aikaci ribar asusunsa bayan an cire hauhawar farashi, ba lambar da ke faranta rai kawai ba.

Kafin hukumomi su motsa, ma'aikaci na iya yin nasa. Rahotannin shekara na kamfanonin da ke kasuwa suna ɗauke da taƙaitaccen bayanin shekara biyar, don haka rahoto biyu sun ba da shekara goma. Aikin yamma ɗaya ne da takarda da biro. Wanda zai koma Azare ya sayi gona ba zai biya ba sai ya zaga ta, ya tambayi maƙwabta, ya ji tarihinta a shekarar ruwa da shekarar fari. Kuɗin da ya tara cikin shekara 35 ya cancanci irin wannan zagaye kafin ya miƙa shi ga kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba.